Sabuwar rauta zan saya, ko mazauni zan canja wa tsohuwar?

Tambaya: Assalamu alaikum. Shekara shida ke nan muna amfani da rauta ɗaya, wato na'urar da ke raba mana Wi-Fi, tana ajiye a falo bayan talabijin. A falon komai lafiya lau, amma da an shiga ɗakin ƙurya sai bidiyo ya riƙa tsayawa, kira ya riƙa yankewa. Mu bakwai ne a gidan, kowa da wayarsa. An ba ni shawarar in sayi mai eriya shida, wadda aka rubuta wa AX3000 a kwali. Ita ce maganin?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, kafin ka taɓa aljihu, fito da rautar nan daga bayan talabijin. Sigina na Wi-Fi igiyar rediyo ce, kuma ƙarfe, madubi, ruwa da bangon kankare duk suna cinye ta. Bayan talabijin kuwa akwai ƙarfe, ga bango a manne, wato ka haɗa mata abokan gaba biyu a lungu guda. Nema mata wuri a tsakiyar gida, a sarari, a ɗan sama kamar kan kanta, nesa da na'urar ɗumama abinci ta maikurowef, domin ita ma a kusa da zangon rediyo na 2.4 GHz take aiki, wanda Wi-Fi ke amfani da shi. Na sha ganin gidan da wannan kaɗai ya kashe maganar.

Bayan haka sai gwaji. Auna saurin intanet kana tsaye kusa da rautar, ka sake aunawa a ɗakin ƙurya. Idan a kusa kana samun abin da kake biyan kamfani, a ƙurya kuma ya faɗi warwas, matsalar ta cikin gida ce. Idan ko a gabanta ma saurin bai kai ba, to daga layin kamfanin ne, kuma rauta ba ta ƙirƙirar sauri, abin da ya shigo gidan shi take rabawa. Wanda ke da layin megabit 20 a daƙiƙa, ko wace iri ya saya 20 ɗin ce za a raba wa mutum bakwai.

Lambar da ke kan kwali ita ce ta fi ruɗar mutane. AX na nufin Wi-Fi 6 ce, wadda ta shigo kasuwa a 2019. Ita kuwa 3000 jimla ce: an haɗa saurin megabit 574 na zangon 2.4 GHz da megabit 2402 na zangon 5 GHz, aka cike lissafin. Wayarka zango ɗaya take hawa a lokaci guda, wayoyi da yawa ma rabin wancan 2402 suke iya ɗauka, shi ma sai suna dab da rautar. Eriya shida kuma, ba girin-girin ba dai, ta yi mai. Hukumomin sadarwa sun ƙayyade ƙarfin da rauta za ta watsa sigina da shi, don haka yawan eriya ba ya fasa bango. Ga wani abin da ake mantawa: hira ce tsakanin biyu. Ko rautar ta ɗaga murya ta isa ɗakin ƙurya, sai wayar ta iya mayar da amsa da 'yar ƙaramar eriyarta.

Zangunan biyu kowanne da halinsa. Na 2.4 ya fi nisa da ratsa bango, amma cunkoso ya yi masa yawa, har Bluetooth a nan yake, kuma tashoshi uku ne kacal ba sa hawa kan juna: 1, 6 da 11. Idan maƙwabta sun kewaye ka, shiga saitin ka gwada su ɗaya bayan ɗaya. Na 5 ya fi sauri da sarari, sai dai bango biyu na iya galabaitar da shi.

Idan ka canja mazauni ɗakin bai gyaru ba, abin da kake buƙata shi ne tushen sigina na biyu, kuma a ganina jan wayar kebul ya fi komai. Wayar intanet ta Ethernet tana kai mita 100 ba tare da saurin ya ragu ba, sai ka jona wata rauta a can ƙarshen. In jan waya ba zai yiwu ba, akwai tsarin mesh, na'urori biyu ko uku masu aiki da suna ɗaya. Ɗan ƙaramin mai maimaita sigina da ake soka wa a soket shi ne zaɓina na ƙarshe, domin mai rediyo ɗaya yana karɓa ne ya sake aikawa, saurin ya ragu da kusan rabi. Kuma a tsakiyar hanya ake sa shi, inda sigina ke da sauran ƙarfi. A cikin ɗakin da ya mutu ba abin da zai tarar balle ya maimaita.

To, tsohuwar fa? A nan ne shekara shidan ta dame ni, ba don sauri ba. Duba ko masana'antar na ci gaba da fitar mata da sabunta manhaja. Idan sun daina, duk ɓarakar tsaron da aka gano a buɗe za ta zauna, wannan kaɗai ya isa dalilin canji. Haka nan idan zangon 2.4 kaɗai gare ta, ko ramukanta na jona wayar Ethernet megabit 100 ne ba gigabit (megabit 1000) ba. Matsakaiciyar Wi-Fi 6 mai WPA3, tsarin tsaron da aka ƙaddamar a 2018, ta wadatar da gida mai mutum bakwai, kuma ta fi tsofaffin iya raba lokaci tsakanin wayoyi da yawa.

Ranar da ka kunna ta, kalmomin sirri biyu za ka canja: ta shiga Wi-Fi, da ta shiga saitin rautar, wadda mutane ke bari a yadda ta zo. Da irin wannan sakaci ne muguwar manhajar Mirai ta kame dubban ɗaruruwan na'urori a 2016. Ka kashe WPS, tsarin haɗa na'ura da rauta ta danna maɓalli ko sa gajeriyar lamba, tun 2011 aka nuna ana iya fasa lambarsa. Baƙi kuma ka buɗe musu layinsu daban, yawancin rautoci suna da shi a saiti. Kada a lulluɓe ta da ƙyalle don gudun ƙura, zafi na sa ta riƙa katsewa.