Tambaya da Amsa: Mun je Yankari ba mu ga giwa ba

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. A ƙarshen daminar bana na kai iyalina gandun dajin Yankari, muka kwana biyu, muka shiga motar zagaye har sau biyu, amma ban da gadu da gwanki da birai ba mu ga komai ba, yara suka dawo gida suna ta mita. Me zai hana a killace giwaye da zakuna kusa da masauki, ko a riƙa zuba musu abinci a wuri ɗaya, domin duk wanda ya biya kuɗinsa ya gan su? Daga wani mai karatu a Gombe.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Na fahimci ɓacin ran yaran, domin duk yaron da aka yi wa alkawarin giwa ba zai yarda a ba shi gadu a madadinta ba. Sai dai abin da kake nema aikin gidan zu ne, irin na Kano ko na Jos. An keɓe Yankari a 1956, aka buɗe shi ga masu ziyara a 1962, ya koma hannun gwamnatin tarayya a 1991, sannan aka mayar wa Jihar Bauchi a 2006, kuma a duk tsawon wannan lokaci manufar ita ce a bar dabba ta rayu yadda Allah ya halicce ta, mutum ya zo ya gan ta a matsayin baƙo. Faɗin dajin ya kai murabba'in kilomita 2,244, saboda haka garken giwaye yana iya yin kwanaki a wani lungu da mota ba ta isa.

Lokacin da ka zaɓa ma bai taimaka ba. A ƙarshen damina ciyawa ta fi mutum tsawo, ruwa kuma yana kwance a kowane kwari, dabba ba ta da dalilin fitowa fili. Da rani ne, musamman daga Janairu zuwa Afrilu, ƙishirwa ke tattaro giwa da ɓauna da kanki zuwa bakin kogin Gaji.

Batun zuba abinci kuwa, ina roƙonka ka tuna da biran da ka gani a masaukin Wikki. Na taɓa tsayawa ina kallo wani ƙaton biri ya nufi wata baiwar Allah kai tsaye, ya fizge ledar burodi daga hannunta, ya koma gindin bishiya ya zauna yana yagewa, ko gezau bai yi ba da ihun da ake masa. Ba haka aka haife shi ba. Masu ziyara ne suka koya masa, da miƙa ayaba domin ɗaukar hoto da barin ragowar abinci a fili. Yanzu ka ɗauka giwa ce ta koyi cewa inda mutum yake nan abinci yake. A Amurka an yi wannan kuskure a gandun Yellowstone, wanda aka kafa tun 1872: shekaru da yawa mutane na taruwa a juji suna kallon manyan namun dajin nan da ake kira beya suna cin shara, suna kuma miƙa musu abinci ta tagar mota, har raunata mutane ya yi yawa, hukuma ta rufe jujin, ta tsananta hani daga 1970. Abin da masu ziyara suka so a lokacin shi ne ya ɓata dabbar da suka zo gani.

Wannan ne ya sa masu kula da irin wannan wuri ba sa iya bin son ran baƙo ɗaya, domin baƙin ba abu guda suke nema ba. Wani ya zo ne ya yi wanka a maɓuɓɓugar Wikki, wadda ruwanta ke da ɗumin digiri 31 dare da rana, yana son wuta da ɗaki mai kyau da kiɗa. Wani kuma ya yi tafiyar yini guda ne domin ya zauna shiru da asuba ya ji kukan tsuntsaye, waɗanda nau'insu a dajin ya haura 350. Dukansu suna da haƙƙi, kuma maganin da aka samo shi ne a tattara gine-gine da hayaniya a masauki, sauran dajin a bar shi daji. A ganina wannan rabon adalci ne, ko da yake yana nufin wani lokaci mutum zai koma gida bai ga abin da ya zo nema ba.

Akwai kuma mutanen da ba a cika tambayar ra'ayinsu ba, alhali nasu ya fi na ɗan yawon buɗe ido nauyi: manoman ƙauyukan Alkaleri da ke kewaye da dajin. Giwar da yaranka suka yi marmarin gani, ita ce ke shiga gonar wani a dare ɗaya ta tattake masarar da ya dogara da ita shekara guda, kuma mutumin da aka yi wa haka da wuya ya tona asirin mafarauci mai neman haure. Shi ya sa ƙungiyar kare namun daji ta WCS, wadda ke aiki da gwamnatin Bauchi wajen sintiri, ta sa wa wasu giwaye na'urar bin sawu a wuya, ta kuma ɗauki mutanen ƙauyukan su riƙa ba da labari idan garke ya doshi gonaki.

Shawarata ita ce ka sake komawa a watan Maris, ka nemi zagayen sassafe ko na bayan la'asar, ka gaya wa yaran tun daga gida cewa farautar ido za su je, ka kuma roƙi jagoran ya nuna musu sawun giwa da kashinta da rassan da ta karya. In ka biyo ta ƙofar Mainamaji, ka tsaya ka yi ɗan ciniki a wurin mutanen garin.