Tambaya da Amsa: Akushin Kaka da Ƙashin da ke Cikin Taskira

TAMBAYA: Assalamu alaikum Baba Malam. Ruwan bana ya kayar da bangon ɗakin marigayiya kakarmu a Kwarbai, cikin birnin Zariya. Muna kwashe kaya muka tarar da baƙin akushi mai zane a bakinsa, da kujera 'yar tsugunno, da taskira. A cikin taskirar akwai mazari da wani ɗan ƙashi mai tsini, sumul kamar an goge shi. Wani mai sayen tsofaffin kaya ya taya akushin da kujerar, ƙashin kuwa ya ce mu yar. Ƙanwar kakar tamu da ke Tudun Jukun ta ce kada a taɓa mata kayan yayarta. Ni kuma na sha gani a intanet, gidajen tarihi na Turai sun jera alluran ƙashi na mutanen ƙasar ƙanƙara a cikin gilashi. Namu ma irinsu ne? Mu sayar, ko mu kai gidan tarihi?
Daga wata ɗaliba, Kwarbai.

AMSA: Wa alaikumus salam 'yata. Allah ya jiƙan kaka, ya sa ta huta. Kafin komai, ki sallami mai tayin nan da fatan alheri. Wanda ya ce a yar da ƙashi a miƙo masa akushi, abin da zai shiga a kasuwa kawai ya sani. Ban da haka akwai doka. Dokar da ta kafa Hukumar Kula da Gidajen Tarihi ta Ƙasa a 1979 ta hana cinikin kayan tarihi sai da hukumar ko wakilin da ta amince da shi, ta kuma hana fita da su waje ba da izini ba. Abin hannu da aka yi kafin 1918 yana cikin abin da dokar ta ambata. Idan kakarki gadon akushin nan ta yi daga tata uwar, to ba wuya ya kai wannan shekarun.

Ƙashin ya fi ɗaukar mini hankali. Ban riƙe shi a hannuna ba, saboda haka ba zan yanke miki hukunci daga nan Tudun Wada ba, amma wurin da kika same shi magana ce. Taskira gidan kayan kaɗi ce. Ina yaro, kakata takan aike ni wurin mahauta in roƙo mata ƙasusuwa. Ta ƙona su har su yi fari fat, ta daka, ta cuɗa da ruwa, ta dunƙula ta shanya. Allin kaɗi ke nan, wanda take dangwala da yatsa don mazari ya yi mata biyayya. Kin ga ashe ƙashi ba baƙo ba ne a taskira. Naki da yake da tsini da santsi, zai yiwu na tsaga kitso ne, ko na huda, ko na zura mazagi. Ki kai shi hasken rana ki juya shi a hankali. Idan ƙyallin ya fi yawa wajen tsinin da inda yatsu ke kamawa, kuma kika ga siraran layuka sun bi hanya ɗaya, hannun mutum ne ya yi aiki da shi shekara da shekaru. Ƙashin da kare ya gaigaya ya bari ba ya yin wannan ƙyallin.

Mutanen ƙanƙara da kika gani, Inuwit ake ce musu, suna arewacin Kanada da Alaska da Girinlan. Ƙasarsu ba ta da itatuwa, sai abin da teku ya turo gaɓa, shi ya sa allurarsu da kan mashinsu suka zama na ƙashi da haure da ƙaho. To irin wannan larurar ta taɓa samun mutanen nan gida. A Daima, can jihar Borno kusa da Tafkin Chadi, wani masanin kayan tarihi mai suna Graham Connah ya haƙa wani tsohon tudun kufai a 1965 da 1966. Yankin baƙar laka ce shimfiɗe, babu dutsen da za a fasa a yi makami sai an ɗauko daga nesa. Sai mutanen wurin suka koma ga ƙashi: Connah ya tono masun kamun kifi masu ƙayoyi a gefe, da tsinkuna, duk na ƙashi. A Kwango kuma akwai ƙashin Ishango da aka tono a 1950, mai jerin tsage-tsage da har yau masana ke gardama ko lissafi ne. Ya kai kimanin shekara 20,000, yana kuma Brasels, babban birnin Beljiyam, ba Kwango ba. Wannan wata maganar ce ta daban, mai zafi, mu bar ta sai wani makon.

Abin da ya sa ba ki cika ganin namu a gilashi ba, ƙasarmu ce mai ci. Jar ƙasa mai tsami tana narkar da ƙashi, itace kuwa gara ba ta ba shi wa'adi. Shi ya sa kan mutum-mutumin yumɓu na Nok, a kudancin jihar Kaduna, ya kai shekara dubu biyu, amma ƙotar gatarin da mutanen Nok suka riƙe ta zama ƙasa. Itace ba ya tsira sai ya sami wurin da iska ba ta kai masa. Kwalekwalen Dufuna a jihar Yobe shi ne shaida. Wani Bafulatani makiyayi ne ya ci karo da shi a 1987 yana haƙa rijiya, aka fito da shi a 1994, tsawonsa ya haura mita 8, shekarunsa kimanin 8,000. Ƙasa mai danshi ce ta rufe shi ruf ta hana shi ruɓewa. Duk Afirka ba a sami jirgin ruwan da ya girme shi ba. Wato akushin da ya kai shekara ɗari a ɗakin ƙasa a Zariya, ya ga damina ɗari da hunturu ɗari bai tsage ba, ba ƙaramin abu ba ne.

Yanzu ga inda nake so ki buɗe kunne. Shekarun baya na shiga wani gidan tarihi, ba zan faɗi sunansa ba, na tsaya gaban wani akushi da ya fi kowanne kyau a ɗakin. An zagaye bakinsa da zanen wuta, layi uku, da 'yan kusurwoyi kamar haƙoran zarto, gindinsa ya side saboda ja a kan daɓe. Takardar da ke gabansa kalma uku ce: kwanon katako, Hausa. Shi ke nan. Wane gari? Wane masassaƙi? Kawo ne ko maɗaci? Na tuwon maigida ne, ko na kai gara? Ma'aikacin da ke wurin, yaro mai ladabi, ya duba rajista ya ce haka aka karɓo shi. Na fito raina a jagule. Wani ya durƙusa da gizago kwana da kwanaki ya rarake wannan abu daga kututture guda, an adana aikinsa an zubar da sunansa.

Ke kuwa kina da abin da wancan gidan ya rasa, tana zaune a Tudun Jukun. Ki sayi goro ki je gaishe ta, da kayan a hannu, da waya mai naɗar murya. Kada ki yi mata tambayar jarrabawa. Ki ajiye akushin a gabanta kawai, za ki ji. Ki bi ta a hankali: wa ya saya, a wace kasuwa, auren wa, zamanin wane sarki. Tsofaffinmu ba sa ƙirga shekara da lamba, amma idan ta ce lokacin Sarki Ja'afaru ne, kin san tsakanin 1937 da 1959 ke nan. Ki miƙa mata ƙashin ki ga yadda za ta kama shi. Yatsunta za su gaya miki aikinsa tun bakinta bai buɗe ba. Duk abin da ta faɗa ki rubuta a takarda, ki sa kwanan wata, ki ajiye tare da kayan.

Batun adanawa, kuskurena zan ba ki. Akushin mahaifina na taɓa ba wani kafinta ya "gyara" mini. Ya kankare shi da takardar yashi ya shafe da fenti mai ƙyalli, baƙin da hayaƙi da man shanu suka yi shekara hamsin suna ginawa ya tafi cikin yini guda. Kada ki wanke naki, kada ki shafa mai, kada ki shanya a rana. Busasshen tsumma ya isa. Ki ɗaga su daga ƙasa, nesa da bango. Idan kika ga gari-gari yana zubowa daga ƙananan huji, ƙwaro na ciki, sai ki ware wannan daga sauran ki nemi masana. Su sukan naɗe abu a leda su daskarar da shi kwanaki, ba sa fesa masa maganin sauro. Ƙashin ki naɗe shi a farin ƙyalle ki mayar da shi taskirarsa, kada ki raba shi da mazarin.

Masanan ba su da nisa. Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru tana da sashen nazarin kayan tarihi na ƙarƙashin ƙasa, kuɗin mota ɗaya ne daga Ƙofar Doka. Akwai gidan tarihi na ƙasa a Kaduna kan titin Ali Akilu, akwai Gidan Makama a Kano, akwai na Jos da masanin kayan tarihi Bernard Fagg ya kafa a 1952. Kai wa a duba ba ya nufin kin bayar. Idan kuma wata rana dangi suka yarda a bayar, ku nemi takardar karɓa mai lambar rajista, ku tabbatar an kwafi bayanin tsohuwa a ciki, da sunan mai kayan.

Amma wannan sai da yardar ƙanwar kaka. Ta ce kada a taɓa, kuma ta fi ku gaskiya a yanzu. Idan kin je Tudun Jukun ki gaishe mini da ita, ki kuma rubuto mini abin da ta ce game da ƙashin, don ni ma ina son in sani.