Takin yuriya da man kanola

Ka tambaya ko ƙara wa kanola (shukar da ake matse mai daga ƙwayarta) yuriya zai ƙara yawan man da za a samu gaba ɗaya. Buhuna za su ƙaru, amma kason mai a ƙwaya, wanda yakan kai kashi 40 zuwa 45 cikin ɗari, zai ɗan ragu, domin sinadarin naitirojin da ke cikin yuriya furotin yake ƙarawa.

Ni dai salfa, sinadarin da shuka ke buƙata amma babu shi a yuriya, ita ce ta koya mini hankali. Shekarar da na zuba yuriya zalla, furen ya fito fari-fari maimakon rawaya, rabin kwanson babu 'ya'ya. Haɗa yuriyar da takin amoniyam salfet mai ɗauke da salfa, ka raba takin biyu. In ka cika hannu, shuka za ta kwanta, ƙwaya ta makara wajen nuna, man ya fito kore-kore.