Tambaya da Amsa: Me ya sa injin leza na MOPA ya fi tsada?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ina da shagon zana suna a kan zobba, kofuna da lambobin yabo a Kano. Zan sayi injin leza, sai dillali ya nuna mini guda biyu, kowanne wat 30, amma mai suna MOPA ya fi tsada nesa ba kusa ba, wai yana da iri a cikinsa. Wane iri ne wannan, kuma ya cancanci ƙarin kuɗin?

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya sa wa sana'a albarka. Dillalin bai yi maka ƙarya ba.

Waɗannan injina ba sa sakin haske a miƙe. Bugu-bugu suke yi, sau dubbai a daƙiƙa ɗaya, kuma tsawon kowane bugu shi ke nuna ko ƙarfe zai ƙone, ko ya narke, ko launinsa kawai ya sauya. A mai araha, wanda ake kira Q-switch, ana tare hasken ne ya taru sannan a buɗe masa ƙofa. Bugunsa yakan kai wajen nanosakan 100 (nanosakan kashi ɗaya ne cikin biliyan na daƙiƙa), kuma ba ka da ta cewa a kai.

MOPA kuwa daga wani ɗan ƙaramin diyod yake farawa, wato 'yar na'urar lantarki mai fitar da hasken leza, jikan wanda masanin kimiyya Robert Hall ya fara kunnawa a kamfanin General Electric na Amurka a 1962. Shi ne irin. Haskensa ba shi da ƙarfin da zai taɓa ƙarfe, sai a shigar da shi cikin zaren faiba, wato siririn zaren gilashi, da aka cakuɗa da sinadarin itabiyam, wanda wasu manyan diyod suka riga suka cika da makamashi. Ɗan bugun nan yana ratsawa yana kwasar ƙarfi, ya fito a nanomita 1064, wato ma'aunin da ke nuna nau'in hasken, da siffarsa ta asali. Kamar kindirmo ne: cokali ɗaya na tsohon nono ake zubawa a ƙwaryar madara, kuma ɗanɗanon cokalin nan ƙwaryar za ta ɗauka. Tunda wutar lantarki ke juya diyod ɗin, daga kwamfuta za ka zaɓi tsawon bugun, a injina da yawa daga nanosakan 2 har zuwa 500. Ka tuna a nanosakan ɗaya, santimita 30 kacal haske ke tafiya.

Abin da ya fi burge ni a wannan fanni shi ne, a ɗakunan bincike shi kansa diyod ɗin ana ba shi iri. In aka daki diyod da wuta gajeruwa mai ƙarfi, yana iya fitar da bugu na fikosakan 'yan gomomi (fikosakan dubu ne ke yin nanosakan ɗaya), amma kowane bugu daga ɗan hasken da ya tashi da ka yake tsirowa, don haka wani ya zo da wuri, wani ya makara, launin ma ya warwatsu. Maganin shi ne a riƙa zuba masa siririn haske mai launi ɗaya daga wata leza daban, domin bugun ya tarar da abin da zai bi. Wasu kuma sukan dawo masa da ɓangaren bugunsa na baya ta madubi, a auna nisan yadda zai iso daidai lokacin da na gaba ke shirin tashi. In lokacin ya kuskure, aikin ya tashi a banza. Ba wannan ne a injin shagonka ba, amma tunanin ɗaya ne.

To, batun kuɗi. In aikinka zana suna ne mai zurfi a ƙarfe ko tagulla, Q-switch ya ishe ka, kada ka wahalar da aljihunka. In kuwa kana son fitar da shuɗi, ruwan zinare ko shunayya a ƙarfen da ba ya tsatsa, ko baƙin rubutu mai santsi a alminiyam mai rufi, ko zane a roba ba tare da ta kumbura ba, MOPA za ka saya. Launin nan ba fenti ba ne, siririn ɓawo ne da zafi ke haifarwa a fuskar ƙarfen, kuma da gajeren bugu mai yawan maimaituwa aka fi iya sarrafa kaurinsa. Yana cin lokaci, ka sa wannan a farashinka.

Kafin ka biya, a buɗe maka ka ga sunan kamfanin da ya ƙera lezar da ke ciki, JPT ne na Shenzhen, Raycus na Wuhan ko IPG. Ka tafi da zobenka da kofinka a gwada a gabanka. Kuma don Allah ka haɗa da tabaran kare ido da aka rubuta 1064 a jikinsa, kai da yaran shago. Ido ba ya ganin wannan haske, ba zai ƙifta ya kare kansa ba, kuma zobe mai sheƙi yana iya maido da shi fuskar mutum.