Kafin Ka Ɗauko Jirgin Alhaji Daga Sumama

Ɗana Kabiru, Allah ya yi maka albarka. Na ga saƙonka. Ka ce Alhaji ya sayi ƙaramin jirgin sama Cessna 172S na hannu a filin Sumama da ke arewa da Riyad, yana so ka tuƙo masa shi zuwa Jidda. Jirgin ya kusa shekara a ajiye, amma wanda ya sayar ya ce lafiyarsa ƙalau. Kana tambaya, tunda littafin jirgin ya nuna yana cin fiye da mil 600 (mil na teku, wanda matuƙa ke lissafi da shi) da cikakken tanki, tafiyar kuma ba ta wuce kusan mil 460 ba, ko za ka iya tashi da safe ka dire Jidda da azahar babu zango, yadda Alhaji yake so.

Kada ka yi haka. Lasisinka bai gaza ba, hannunka ma na san shi. Abin da ya rage shi ne ba ka san wannan jirgin ba, kuma lambobin da ke cikin littafi ba nasa ba ne sai ranar da ka gwada shi ka gani da idonka.

Mu fara da lissafin da ya ruɗe ka. Mil 638 ɗin da ka gani, an samo shi ne da sabon jirgi a ƙafa 10,000, inji yana ba da kashi 45 cikin ɗari na ƙarfinsa, kuma babu iska. Duba layin da ke samansa: a kashi 75 cikin ɗari mil 518 ne kawai. Man da za ka iya amfani da shi galan 53 ne. Tsohon inji a zafin Najad, ka ɗauka yana shan galan 10 a awa har sai ya nuna maka akasin haka. Cire galan uku na tada inji da tafiya a ƙasa da hawa, cire galan goma na awa gudan da ba na yarda yarona ya taɓa, saura awa huɗu. Idan jirgin yana gudun mil 115 a awa, awa huɗun nan ita ce mil 460 cif-cif, ko ɗigo bai ragu ba. To yamma za ka dosa, kuma a wannan lokacin na sanyi iskar sama daga yamma take bugowa. Ta ƙwace maka mil 20 a awa, gudunka a kan ƙasa ya koma 95, tafiyar ta zama awa huɗu da minti hamsin. Ban ma sa kwanar da za ka yi don kauce wa wuraren soja da sararin Makka ba, ban sa jiran da hasumiyar Jidda za ta iya sa ka yi a bayan manyan jirage ba. Doka ta yarda ka sauka da man minti 30 da rana. Wannan iyakar doka ce, ba a yi ta don mai ratsa sahara da jirgin da bai taɓa hawa ba.

Abin da ya fi damuna ma ba man ba ne, zaman da jirgin ya yi ne. Injin kamfanin Lycoming ɗin da ke cikinsa kamshaf ɗinsa, wato sandar ƙarfen da ke buɗe bawul, a sama yake. In inji ya daɗe bai juya ba, baƙin mai yakan tsiyaye ƙasa ya bar ƙarfen a bushe, tsatsa ta kama. Za a tada shi ya yi ƙara mai daɗi, kowa ya ce masha Allah, alhali a ciki ƙarfe yana cin ƙarfe. Saboda haka ka tafi da bakanike namu, wanda kai ka ɗauko, ba na mai sayarwa ba. Ya dumama injin, ya zubar da baƙin mai, ya kwance filta ya yanke ta. Ka tsaya a kansa. Ya buɗe takardar nan mai lanƙwashe-lanƙwashe, ku fito da ita rana, ku bi ta ninki bayan ninki, sannan ya goga mata maganaɗisu. In ka ga ɗan baƙin gari kaɗan, wannan ba komai. In ka ga ƙyalƙyali kamar an barbaɗa kwalli, ko maganaɗisun ya fito da gashin ƙarfe a bakinsa, ka ɗauki hoto ka turo mini, ka rufe jirgin, ka nemi tikitin dawowa. Ya gwada matsin kowace silinda a kan 80, ya cire fulogi ya zura 'yar kyamara ya leƙa bangon silinda da bawul. A duba hos-hos na mai, domin roba tana bushewa a zafin Riyad ko ba a taɓa ta ba. Haka tayoyi da birki da batir.

Sai ƙananan ramuka, waɗanda ido ke tsallakewa. Zanzaro ba ya son komai kamar bututun awon gudu da ramin shaƙar iskar tanki da ke ƙarƙashin fiffiken hagu. Ya toshe na farko, allurar gudu ta yi maka ƙarya a daidai lokacin tashi. Ya toshe na biyu, mai ya daina gangarowa bayan ka yi nisa, tanki kuwa cike. Buɗe murfin inji gaba ɗaya ka nemi sheƙar tsuntsu a bayan silinda. Ciro filtar iska ka buga ta a tafin hannu ka ga yashin da zai zubo. Wannan samfurin yana da wurin ɗibar mai na gwaji guda 13, biyar a kowane fiffike, uku a ƙarƙashin ciki. Ka ɗiba a dukkansu, ka girgiza fukafukan, ka dakata kaɗan, ka sake ɗiba. Ruwa yana kwantawa a gindin kwalba kamar ƙwayar gilashi.

Takardu ba zan daɗe a kansu ba, amma kada ka raina su. Shaidar rajista mai lambar HZ ta jiragen Saudiyya, shaidar cancantar tashi da ba ta ƙare ba, lasisin rediyo, takardar nauyi da daidaito, littattafan tarihin jiki da na inji da na farfela, da sa hannun duban shekara. Tambayi GACA, hukumar sufurin jiragen sama ta Saudiyya, matsayin canja suna kafin ka sa rana. Inshorar mai shi na da ba ta rufe ka, sai ka ga sabuwa a rubuce da sunanka a ciki a matsayin matuƙi. Akwai kuma na'urar kiran agaji mai aikawa a mitar rediyo 406: an yi mata rajista da lambar wayar wancan mutumin. In ba a canja ba, ranar da ta yi kuka shi za a kira, shi kuwa zai ce ai ya sayar.

In duk wannan ya yi kyau, kwana ɗaya ko biyu na farko a Sumama za ka yi su. Dokin da aka sayo a kasuwa, a ƙofar gida ake fara kilisa da shi kafin a ɗaura masa sirdin tafiya. Cika tanki har baki, kai da kanka, kana kallo. A wurin gwaji ka kai injin juyi 1,800, ka gwada maganeto, masu ba fulogi wuta, ɗaya-ɗaya: kada faɗuwar ta wuce 150, kada bambancinsu ya wuce 50. In ka danna totur duka jirgi yana tsaye, juyin ya kamata ya zauna tsakanin 2,300 da 2,400. Ka tashi, ka hau saman filin, ka yi ta kewaye awa guda inda ko injin ya mutu za ka iya zamewa ka sauka. Ka saurare shi. Ka lura da zafin mai da matsinsa, da ko jirgin yana rinjaya gefe guda in ka saki hannu, da ko rediyo biyu suna aiki, da ko kamfas ya yi daidai da titin da ka tashi a kai. Ka sauka, ka buɗe murfi ka nemi yoyo. Washegari ka yi awa biyu a tsayin da za ka yi tafiya, da saitin da za ka yi tafiya. Da ka sauka ka sake cika tanki har inda ka cika da farko, ka raba galan ɗin da ya sha da lokacin da ya yi. Wannan lambar ita ce ta jirgin Alhaji, kuma da ita za ka yi lissafin hanya. Ka auna baƙin mai kafin da bayan: yana ɗaukar kwat takwas, ba a tashi da ƙasa da biyar, amma abin da kake nema shi ne nawa yake ci a awa. A lokacin ne kuma za ka gane ko allurar tanki mai gaskiya ce.

Yanzu maganar zango. A ƙasar nan man jet, Jet A-1, yana ko'ina, amma abgas 100LL, mai ruwan shuɗi, wanda injinka yake sha, sai an neme shi. Kada ka dogara da abin da manhaja ta rubuta. Ɗauki waya ka kira filin da kake tunanin sauka, ko Dawadimi ko Ƙasim ko Ɗa'ifa, ka nemi mai kula da mai da kansa, ka tambaye shi akwai ko babu, lita nawa, wace awa, da yadda ake biya. In babu, a tura durom a mota ya riga ka isa, da izinin filin, a rufe da hatiminsa, ka zuba ta mazurari mai tacewa bayan ka haɗa wayar ƙasa tsakanin durom da jirgi. Duk inda wani zai zuba maka mai, ka tsaya a gindin fiffike har ya gama. Yaron da kullum manyan jirage yake sha wa mai, hannunsa ya saba da tiyo ɗaya. Man jet a injin fistan yana barinka ka tashi lafiya, sai ka fara hawa injin ya narke. In ka yi shakka, ɗiga shi a farar takarda: abgas zai bushe ya tafi, wanda ya gauraya da jet zai bar tabon maiƙo. Izinin sauka a kowane fili, har da Jidda, ka same shi a hannu kafin ka taso. Kuma kada a sa ranar a cikin cunkoson jigilar alhazai.

Hanyar da nake so ka bi ita ce wadda ba ta rabuwa da titi mai lamba 40, wanda ya taso daga Riyad ya bi ta Muzahimiyya da Ƙuwai'iyya da Zalim da Muwaih har Ɗa'ifa, gwargwadon yadda masu kula da sararin sama suka yarda maka. Ƙarin mil kaɗan ne, amma akwai motoci da gidajen mai da sabis ɗin waya. Wannan jirgin in injinsa ya tsaya, a gudun mil 68 a awa yana zamewa kusan mil ɗaya da rabi a kowace ƙafa 1,000 da ke tsakaninka da ƙasa. Ka tuna ƙasar tana tasowa tana biyo ka: Riyad kusan ƙafa 2,000 take, filin Ɗa'ifa ya haura 4,800, duwatsun Hada sun wuce 6,000. Kana ƙafa 8,500 a agogon tsayi, amma ratar tana raguwa kana ƙara yin yamma. In ka fara hango baƙar ƙasar nan ta harra, duwatsun aman wuta irin na Kishb inda ramin Wahba yake, ka san babu wurin ajiye taya a cikinta. Ka kewaye ta gefe.

Ka yi asuba, ka tashi da fitowar rana, ka sauka kafin ƙarfe sha ɗaya. In rana ta take, zafin ƙasa yana jijjiga ƙaramin jirgi har matuƙi ya gaji ya fara kuskuren lissafi. In ka sauka Ɗa'ifa, ka kwana. Ga dalili: a wannan tsayin zafin da littafi ya ɗauka digiri 5 ne ko kusa da haka. In ma'auni ya nuna 30, kowane digiri na ƙari yana ɗora maka kusan ƙafa 120, sai jirgin ya ji kamar daga ƙafa 7,800 yake tashi. Inji yana rasa kusan kashi 3 cikin ɗari a kowace ƙafa 1,000, ka ga kusan rubu'in ƙarfinsa ya tafi. Za ka ga titi yana ƙarewa jirgi yana nauyin tashi, zuciya ta ce ka ja hanci sama. Kada ka ja. Ka rage mai da jan maɓalli tun kana tsaye har juyi ya kai ƙololuwa, ka bar shi ya tara gudu, ka hau a hankali kana duban zafin inji. Da sanyin safiya duk wannan da sauƙi, kuma hazon da ke kwanciya a gangaren Tihama bai riga ya yi kauri ba.

Ƙura kuwa, in ka hango ta ta tokare gabas ko arewa kamar katanga, ko gari ya fara yin ja ka daina bambance ƙasa da sama, ka juya tun kana ganin inda ka fito. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Ka ɗauki ruwa aƙalla lita goma, a ƙananan gorori, wasu a inda hannu zai kai. Ƙara da dabino, madubi, tocila, rediyon hannu da ke kama mitar neman agaji 121.5, da taswirar takarda, domin kwamfutar hannu tana mutuwa in rana ta dake ta a bayan gilashi. Ka shigar da tsarin tafiya a kowane zango, ka turo mini lokacin tashi da lokacin da kake sa ran sauka. In Allah ya ƙaddara ka sauka a daji, ka zauna a inuwar fiffike kada ka bar jirgin, shi ake hangowa daga sama.

Na san abin da ya hana ka barci shi ne yadda za ka gaya wa Alhaji. Dattijo ne, ya ba ka amana, kana jin nauyin ce masa kwana huɗu ko biyar a abin da ya ɗauka na yini guda ne. Ka je gidansa, kada ka faɗa a waya. Ka nuna masa lissafin awa huɗun nan a takarda, ka gaya masa kuɗin masauki da na bakanike da na durom tun yanzu don kada su zo masa bagatatan. In ya ce yana so ya hau ya raka ka, ko ɗansa ya bi ka, ka ba shi haƙuri sai bayan jirgin ya iso an sake duba shi. Kujerar daman nan ta matuƙin da ya taɓa bin hanyar ce, kuma zan nema maka shi. In ya matsa, ka ce ni na hana, ka ba shi lambata.

Kafin Alhamis ka turo mini hoton shafuka goma na ƙarshe na littafin inji, da shafin da ya nuna shekarar da aka yi masa gyaran gaba ɗaya. Lycoming sun sa wa irin wannan injin awa 2,000 ko shekara 12, duk wanda ya riga zuwa, kuma masu sayarwa awannin kawai suke ambata. In na gani sai mu sa ranar da za ku tafi da bakanike. Ka gaida mahaifiyarka.