Iskar CPAP da ke hura ido da dare

Ɗan'uwa, ka ce tun da ka fara kwana da na'urar CPAP (mai tura maka iska ta takunkumin da ake sawa a fuska) saboda ɗaukewar numfashi a barci, iska ke hura maka ido har ka wayi gari sun bushe sun yi ja, ko ka daina? Kada ka daina. Galibi iskar na sulalewa ne ta saman takunkumin, daidai karan hanci, ta haura ido. Ka kwanta yadda kake barci, ka kunna na'urar, ka ɗaga robar takunkumin da ke manne da fuska kaɗan ka mayar ta zauna, sannan ka daidaita igiyoyin. Kada ka ɗaure tamau, matsewa na lanƙwasa robar, yoyon ya ƙaru. Ka riƙa wanke ta da ruwan ɗumi da sabulu mara ƙarfi, ka wanke fuska kafin kwanciya, don maiƙo da man shafawa ke sa ta zame. In ta tsufa ta saki, sai canji.

Ni abin da ya raba ni da matsalar shi ne komawa takunkumin da ke zama a ƙofar hanci kawai. Amma in ka ji iskar na fitowa daga kusurwar ido ta wajen hanci, to hanyar hawaye take bi, wadda ta haɗa ido da hanci, musamman ga wanda aka taɓa yi wa aikinta. Wannan kam, gyaran igiya ba ya magance shi. Ka ga likitan ido da wanda ya rubuta maka na'urar, kada ka rage ƙarfin iskar da kanka.