Biyayya, Ɗa'a da Aminci: Amsoshin Tambayoyinku

Yawancin tambayoyin da suka taru a wannan karon a kan abu ɗaya suke, wato kalmomin da muke amfani da su in muna zancen bin Allah a rayuwar Kirista. Don haka na haɗa su wuri guda.

Wani ɗalibin makarantar koyon Littafi Mai Tsarki a Kagoro ya rubuto: "Malam, mene ne bambancin biyayya da ɗa'a da ladabi? A wa'azi ina jin ana jera su kamar abu ɗaya ne."

Ana jera su kam, ɗana, amma ba ɗaya ba ne, kuma tunda gobe kai ne za ka tsaya gaban jama'a, gara ka rarrabe su tun yanzu. Ladabi da ɗa'a daga Larabci muka aro su. Ladabi daga "al-adab" yake, "l" ɗin farkon nan ragowar "al" ce da ta manne, kamar yadda ta manne a littafi da labari da lokaci da lafiya. Ɗa'a a Larabci biyayya take nufi, amma da ta zauna a bakin Bahaushe sai ta karkata wajen kyan tarbiyya da sanin ya kamata. Waɗanda suka yi wayo a 1984 za su tuna shirin gwamnatin soja da aka fassara da Yaƙi da Rashin Ɗa'a. Abin da aka fi tunawa da shi bin layi ne da tsabtace gari da zuwa aiki a kan lokaci.

Biyayya kuwa 'yar gida ce. Daga "bi" ta fito, aka ɗora mata ɗafin nan "-ayya" da muke gani a soyayya da ƙiyayya da jayayya da auratayya da cinikayya. Dubi waɗannan kalmomi da kyau. Kowacce tana buƙatar ɓangare biyu, kuma ba abin da ake yi sau ɗaya a gama ba ne. Haka biyayya: akwai na gaba, akwai na baya, ana kuma cikin tafiya. Wannan ne ya sa nake jin daɗin sunan da Kiristocin ƙasar Hausa suka zaɓar wa kansu, masu bi. Da Yesu ya tarar da Matiyu a wurin karɓar haraji, kalma biyu ya faɗa masa, "Bi ni." A bakin tekun Galili ma, bayan Bitrus ya yi musunsa sau uku, da wannan kalmar ya mai da shi kan hanya.

Ladabi a baki da gwiwa yake, biyayya a ƙafa. Ka san irin yaron nan da in mahaifinsa ya kira shi zai zo da sauri, ya tuɓe takalmi, ya durƙusa, kansa a ƙasa. A ce masa, "Je ka gona ka nome gyaɗar nan." Ya ce, "To Baba, an gama." Ya ɗauki fartanya ya fita, da ya sha kwana sai ya jingine ta a bayan danga ya nufi dandali. Wannan yaro ba wanda zai ce ba shi da ladabi. Shi ne kuwa ɗa na biyu a misalin da Yesu ya bayar a Matiyu 21:28-31. Ɗayan ya ce ba zai je ba, maganar da duk Bahaushe zai kira rashin kunya, daga baya ya sake tunani ya tafi. Da Yesu ya tambaya wane ne ya yi nufin uban, masu sauraro ba su yi gardama ba. Ba ina yabon rashin kunya ba ne, ladabi abu ne mai kyau, a koya wa yara. Abin da ke damuna shi ne yadda muke ce wa mutum "mai biyayya" don kawai ba ya ɗaga murya kuma ya iya gaisuwa. A ce masa mai ladabi, a dakata a ga inda ƙafarsa za ta nufa.

Wata 'yar Zumuntar Mata daga Zonkwa ta ce: "Baba, me ya sa muke cewa yaro ba ya ji, alhali kunnensa lafiya lau?"

'Yata, domin a wurin Bahaushe ji bai cika ba sai an aikata. Shi ya sa muke da "jin magana", muke kuma ce wa gagararre mai kunnen ƙashi. Karin magana ya ce wanda bai ji bari ba ya ji hoho, wani kuma ya ce in ka ƙi ji ba ka ƙi gani ba. A nan Hausa ta yi dace da harsunan da aka rubuta Littafi Mai Tsarki da su. A Ibrananci kalmar ji ita ce kalmar biyayya, a Helenanci ma daga "ji" aka gina ta. Karanta 1 Sama'ila 15 da wannan a zuciyarki. An umarci Saul kada ya bar kome na Amalekawa, sai ya bar sarkinsu Agag da kyawawan tumaki da shanu, ya kuma tari Sama'ila da cewa ya cika umarnin Ubangiji. Sama'ila ya ce, to wannan kukan tumaki da nake ji fa? Saul ya ce ai don hadaya aka kawo su. A nan ne aka faɗi maganar da kowa ya haddace, cewa biyayya ta fi hadaya. A aya ta 24 Saul ya fito da gaskiya: ya ji tsoron mutane, ya ji maganarsu. Kunnensa lafiya lau, kamar na yaron da kike faɗa. Muryar da ya zaɓa ya ji ce ta kai shi ga rasa sarauta.

Wani daga Maraɗi ya tambaya ko "bangaskiya" ake rubutawa ko "ban gaskiya". Asalinta ba da gaskiya ne, kamar ban kwana da ban girma da ban tausayi. A rubutun ikkilisiya an daɗe da haɗe ta, ka bi hakan.

Wani dattijon ikkilisiya daga Saminaka ya rubuto: "Malam, 'bin na gaba bin Allah' karin magana ne da Kirista zai iya riƙewa? Ana yawan faɗa mana shi a taron majalisa in an ga za mu yi tambaya."

Ranka ya daɗe, ƙarshen tambayarka ne ya fi tsaya mini a rai. Karin maganar tsoho ne, yana da gaskiyarsa. Ya fito daga zaman da kowa ya san na gaba da shi: ɗa da uba, almajiri da malami, talaka da mai unguwa, mai unguwa da dagaci, har zuwa fada. Littafi Mai Tsarki bai rushe wannan ba. Romawa 13 ta ce a yi biyayya ga mahukunta, Ibraniyawa 13:17 ta ce a yi wa shugabannin ikkilisiya, Afisawa 6:1 ta ce 'ya'ya su yi wa iyayensu. Mai bi da ke taƙama da cewa shi ba ya jin maganar kowa sai ta Allah, yawanci maganar zuciyarsa yake ji.

Amma karin magana ba aya ba ne, kuma kowane karin magana yana da inda ya tsaya. Wannan ya tsaya ne a inda na gaba ya saki hanya. Tunda biyayya tafiya ce, dole na baya ya san inda aka dosa. Bulus da kansa, da ya ce wa mutanen Koranti su yi koyi da shi, sai ya ɗaure maganar da sharaɗi: kamar yadda shi ma yake koyi da Almasihu. Ungozomomin nan biyu na Fitowa sura ta 1, Shifra da Fu'a, Fir'auna ne na gabansu, ya ce su kashe jariran Ibraniyawa maza, suka ƙi don tsoron Allah, Allah kuwa ya sa musu albarka. Manzanni sun tsaya gaban majalisar da ta hana su koyarwa da sunan Yesu suka ce wajibi ne su yi wa Allah biyayya fiye da mutum, yana nan a Ayyukan Manzanni 5:29. An yabi mutanen Biriya don suna bincika Nassi kowace rana su ga ko abin da Bulus ya faɗa haka yake. A Antakiya kuma Bulus ya tsauta wa Bitrus ido da ido, Bitrus da ya riga shi zama manzo.

To in manzo bai fi ƙarfin tambaya ba, ina ga ma'ajin ikkilisiya da aka ce ya kawo lissafin baikon girbi? Abin yana ɓata mini rai ƙwarai in na ji an ɗauko maganar kakanninmu, wadda aka yi don a koya wa yaro girmama manya, an mai da ita abin toshe bakin dattawa. Wanda ya jawo wannan karin magana a daidai lokacin da aka tambaye shi lissafi, ba Hausa yake koya muku ba. Ku yi tambayarku da ladabi, ku gaishe shi yadda ya kamata, kada ku kunyata shi a bainar jama'a in akwai wata hanya, amma ku yi ta. Ku ma da kuke na gaba a gidajenku, ku tuna akwai masu taka sawunku, Yesu kuwa ya faɗi abin da ke faruwa in makaho ya ja makaho.

Wata daga Tudun Wadan Jos ta ce ta ji mai wa'azi ya ce, "Kamar yadda Nassi ya faɗa, Allah ya ce tashi in taimake ka," tana son sura da aya. Babu, 'yar'uwa. Maganar Hausawa ce, mai kyau kuma wajen korar lalaci, amma ba ta cikin littattafai 66 ɗin nan na Littafi Mai Tsarki. In mai wa'azin ya ce "Hausawa sun ce", ba zai rasa kome ba.

Wani matashi ɗan kasuwa daga Sabon Garin Kano ya tambaya: "Mene ne aminci? Ina jin 'bawan nan mai aminci', ina kuma jin 'aminci ya tabbata a gare ku'. Kalma ɗaya ce?"

Ɗaya ce, ɗan'uwa, danginta kuma suna da yawa: amana, amini, amintacce, amincewa, har da Amin da muke rufe addu'a da ita. Tushensu abin da ya kahu ne, wanda za a jingina da shi bai goce ba. Daga nan ma'anar ta yi rassa. Inda aka amince da juna akwai kwanciyar rai, shi ne amincin gaisuwa, ko da yake a ikkilisiya mun fi cewa salama. Mutumin da aka ba shi amana ya riƙe, shi ne mai amincin Matiyu 25:21. In an ce "biyayya da aminci", ana nufin biyayyar da ba ta canja launi in ido ya kau. Kishiyarta ita ce aikin ganin ido da Afisawa 6:6 ta hana.

Tunda a kasuwa kake, ba sai na kai ka nesa ba. Ka san mudun da aka buga wa gindi ya lotsa ciki, ka san mai awo da ke da mudu biyu, na saye daban na sayarwa daban, ka san buhun da aka zuba tsaba mai kyau a baki, ƙasa kuwa tsakuwa da ƙaiƙayi. Maimaitawar Shari'a 25:13-15 ta ambaci wannan da sunansa, ta hana ajiye ma'auni iri biyu, babba da ƙarami. Luka 16:10 ta ce mai aminci a ƙaramin abu mai aminci ne a babba. Mutane suna son a ba su labarin Daniyel a ramin zakoki, amma kafin ramin, maƙiyansa sun bincike aikinsa na gwamnati kaf ba su sami abin kamawa ba. Da wannan binciken ne sura ta 6 ta littafin Daniyel ta fara.

Wannan ya kawo ni ga mai tambaya daga Biu, da ke son ma'anar "tsare gaskiya ko da wuta aka saka ka". Ma'anarsa a fili take, sai dai ka lura da "tsare". Ba a ce faɗi gaskiya ba, an ce tsare ta, kamar mai gadin da ba ya barin bakin ƙofa. Shadrak da Meshak da Abednego sun ce wa Nebukadnezzar Allahnsu yana da ikon cetonsu, amma ko bai cece su ba, ba za su yi wa gunkin sujada ba. A wannan "ko da" ɗin nauyin karin maganar yake. Mu a Arewa ba labarin dā kaɗai ba ne a wurinmu. A watan Fabrairun 2018 aka sace 'yan mata fiye da 100 daga makarantarsu a Dapchi ta jihar Yobe. Bayan wata guda aka sako sauran da suka rayu, aka riƙe Leah Sharibu, abokan karatunta suka ce don ta ƙi barin bangaskiyarta ne. Ina roƙon masu wa'azi su riƙa ambaton sunanta da nutsuwa da addu'a, ba don neman tafi ba, domin tana da iyaye.

"Musa a baki, Fir'auna a zuci", da wata ta tambaya daga Gombe: munafuki ke nan, mai zaƙin baki da mugun nufi.

Mai tambaya daga Wusasa yana so ya san dalilin da Littafinsa Mai Tsarki ke cewa Yahaya, na kakarsa kuma Yohanna. Na kakarka tsohuwar fassara ce ta 1932, wadda Dokta Walter Miller na nan garinku yana cikin manyan waɗanda suka yi aikinta. Naka sabuntawar da aka yi daga baya ce. Haka za ka ga Misalai a nata, Karin Magana a naka. Sura da aya ba su canja ba, don haka in kuna karatu tare, ka buɗe mata Yohanna 14:15, kai ka buɗe Yahaya 14:15.